Ranar da Motarmu Ta Bi Shaddata

Ko na manta komai na zamana a Guangzhou, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gayyato Kawu Isyaku kallon motarmu ba.

A jami'armu akwai ƙungiyar ɗalibai da ke ƙera motar tsere marar direba. 'Yar ƙarama ce, da ƙyar ta kai min gwiwa, kyamara ce idonta. Ana jera mata robobi masu tsini a fili, shuɗaye a hagu, rawaya a dama, ita kuma ta bi tsakiya. To ni aikina jera robobin nan ne, shi ke nan. Amma a gurup ɗin gidanmu na Kano, cewa na yi ni na haɗa ƙwaƙwalwar motar (Allah na tuba).

Kwatsam sai ga Kawu, yayan Ummana, ya zo sarin kaya kasuwar Shisanhang. Yana sauka ya kira ni: "Injiniya, sai na ga motar nan da idona, in ɗaukar wa 'yan gida bidiyo."

A satin na yi ta roƙon shugabarmu, wata 'yar China mai suna Lin, ta ba ni riƙon akwatin jan madanni. Idan mota ta haukace, shi ake dannawa ta tsaya cak, kuma mai riƙe shi dole a tafi gasa da shi. Burina ke nan wata takwas. Da ƙyar ta yarda.

Ranar gwaji kowa ya zo da 'yar rigarsa ruwan toka. Ni kuwa, da yake babban baƙo gare ni, na ciro shuɗiyar shaddata ta Sallah, ta sha guga tana ƙyalli. Kawu ya sauko daga tasi cikin kaftani rawaya shar. Lin ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko aure zan yi.

Mota ta fara zagaye. Kawu ya ce, "Zo mu tsuguna a bakin kwanar can, ka zauna nan, ni can, in ɗauko ka tana wucewa." Muka tsuguna. Ni a hagu, shi a dama, fili a tsakaninmu. Jama'a, ni da nake jera robobin nan kullum, wallahi ko kusa abin bai zo min ba.

Motar tana shan kwana ta hango shuɗi a hagu, rawaya a dama. Baiwar Allah ta ga hanya, ta miƙo.

(A nan dole in faɗi gaskiya: gudun gwaji take yi, mai keke ma zai wuce ta.)

Ban san lokacin da na kurma "Wayyo Umma!" ba. Na yi jifa da akwatin, na tattare riga, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ita kuwa an koya mata kada ta rabu da shuɗi, sai ta biyo ni. Na karkata, ta karkata. Lin na ihu in danna, in danna me? Hula ta yi nata wuri, takalmi ɗaya ya cire, ƙarshe na afka cikin shukokin bakin katanga, ƙafafu a sama.

Sai na ji shiru. Na leƙo, ga mota ta tsaya cak, ga Kawu tsaye, akwatin a hannun hagu, waya a dama, har yanzu yana ɗauka.

"Ja dai ko a danjar Kano tsayawa yake nufi," in ji shi.

Lin ta yi masa godiya har da rusunawa, tana ce masa lawban, wato maigida. Ta karɓi akwatinta, ni kuma ta nuna min tarin robobi. Da ba wanda ya yi dariya da sauƙi, amma har mai gadi sai da ya riƙe ciki. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka tafi gasa ba ni, kuma abin ya yi min ciwo sosai.

Kafin in gama cire ganye daga wuyana, bidiyo ya isa Kano. Umma ta turo saƙon murya: "Sannu Injiniya. Mu dai gudun motar ba mu gani ba, naka muka gani. Allah ya ƙara basira."

Tun ranar, duk wanda ya tambayi aikina, nakan ce masa robobi nake jerawa. Gara in faɗa da bakina, tun kafin mota ta sake faɗa a madadina.