Ranar da Na Gwada Rufin Ɗakin Gayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau rufin ɗakin gayya a Birnin Gwari ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ana kashe sule da sisi. Aikin hanya ya kwaso leburori da ƙananan ma'aikata ya zube a gari, kuɗin haya ya tashi, har ka ga magidanci da iyalinsa suna raɓe a zauren wani. Sai muka haɗu, Musulmi da Kirista, muka ce duk Asabar za mu yi gayya mu gina ɗakuna masu araha. Baba Yohanna, wani dattijon manomi daga Saminaka, shi ke kai mu daji saro azara. Ni kuwa malamin firamare ne, hannuna bai san tubali ba, sai aka ba ni aikin da ya dace da ni, wato surutu.

Halina shi ne ban iya ganin abu in ƙyale. Me ya sa ake zuba ciyawa a ƙasar gini? Me ya hana gara cin giginya? Wadda ta fi damuna ita ce, yaya ƙasa mai nauyi haka take zaune a kan 'yan itatuwa ba ta rufto ba? (Na dami Baba da tambaya har ya koma in ya hango ni sai ya sake hanya.)

Da muka gama ɗakunan farko, wakilin Sarki ya zo dubawa. In aikin ya gamshe shi za a ƙara mana fili, ga kuma iyalai da yawa sun zuba ido. Mata suna cikin ɗaya daga sababbin ɗakunan, wanda muke tsaye a gabansa, suna dama wa baƙi fura. Na miƙe ina jawabi, daɗin baki ya kwashe ni na ce, "Ranka ya daɗe, wannan rufin ko giwar dajin Kamuku ce ta hau, ba zai motsa ba!"

Ya ce, "Ashe, Malam?"

Maganar gaskiya, ni ma ina son in sani. Sai na kama tsani. Na ji Baba Yohanna yana ɗaga murya, na ɗauka kirari yake yi mini. (Ashe cewa yake ƙasar ɗanya ce.)

Na taka, lafiya lau. Na yi ɗan tsalle. Ruf! Na nutse tsakanin azara biyu har ƙugu, tazugen wandona ya tsinke. Ta sama ga ni da hulata ina fuskantar wakilin Sarki, ta ƙasa kuwa ba sai na faɗa ba. Na ji wata tana salati, wata tana kiran Yesu, sai muryar Gwaggo Ladi, shugabar masu girkin: "Ku janye ƙwaryar furar tukuna! Ƙafafun wa ne waɗannan?"

Wata ta ce, "Na Malam ne, ga safarsa nan."

Wakilin Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya share hawaye ya ce, "To, azarar dai ta riƙe shi. Ku je na ba ku filin, amma kada a sake ba Malam tsani."

Ni na cuɗa ƙasar da aka toshe ramin da ita, ina yi matan suna wucewa suna gaishe ni da jiki. Tun daga ranar na gane ba kowace tambaya ake nemo amsarta da ƙafa ba. In kuwa ya zama dole, mutum ya fara duba tazugensa.