Dokar Kunne a Gidan Baba Laburare

Malam Gregory yakan lashi yatsa kafin ya yi magana, kamar mai shirin buɗe shafi. Tun da ya ajiye aikin duba tikiti a jirgin ƙasa, Kafanchan ba ta ga masoyin karatun yara kamarsa ba. Shi ya faɗa, kuma ba mu ji wanda ya musa ba. Muna ce masa Baba Laburare, yana amsawa da murmushi.

Shekarar da gwamnati ta buɗe makaranta kyauta, har Zonkwa da Madakiya ya je wa'azi. "Iyaye, karatu daga gida yake farawa! Ni a gidana littafi ya fi doya yawa!"

Gaskiya ne. Littattafan suna cikin kabad mai gilashi, makullin yana rataye a wuyansa. Autarsa Lucy takan manna hanci a gilashin tana kallon wani mai hoton zakara. Shi kaɗai take so a duniya.

Amma Baba mutum ne mai tsari. A makaranta ba a ɗaukar yaro sai ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Sai ya kawo dokar gida: wanda hannunsa bai kai kunne ba, ba ya taɓa littafi. Da yake yana so 'yarsa ta riga 'ya'yan kowa karatu, kullum da safe yakan ja mata hannu, ya ja kunnen sama, ko za su haɗu a hanya. Kunne ya kumbura, karatu bai zo ba.

Ranar da matan zumuntar coci suka zo koyon dabarar, ya sa kwat. Mama Scholastica, shugabarsu, ta ce, "Baba, ba mu gane ba. Gwada mana da kanka."

Ya ɗaga hannu. To, zaman fansho ya karɓi Baba, wuya da kafaɗa sun daɗe da zama abu ɗaya. Hannu ya hau kai, ya tsaya a tsakiya kamar jirgin da kwal ya ƙare masa. Hammatar kwat ta yage.

Matarsa Paulina ta taɓo nata kunnen, ta zare makullin a hankali. "Baban Lucy, doka doka ce. Ni zan riƙe mata littafin. Kai sai ka ƙara girma."

Lucy ta gama mai zakara, ta shiga na biyu. Baba kuwa yana gindin mangwaro kowace safiya, hannu bisa kai. Ya ce saura kaɗan.