Janar Sanyi da Tururin Farko

Ba kowane zamani ake samun mutum irin Babban Kwamandan Ciyarwa ba, kuma ba kowace ambaliya ke dacewa da irinsa ba. Ruwan bana ya ci gidaje, ya ci gonaki, ya karya gada, ya kora jama'a cikin makarantar firamaren da ke kan tudu. Kowa ya fito da asara. Shi kaɗai ya fito da muƙami.

Kafin ruwa, aikinsa buga hatimi ne a wani ofis da ko ƙuda ba ya yawan leƙawa. Da aka nemi wanda zai kula da rabon abinci a makarantar, manyansa duk suna can hayin gada, sai aka bugo masa waya aka ce ya riƙe. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Nan take ya zaro wata rigar soja ta gwanjo da ta daɗe a ƙasan akwati tana jiran ranarta. Maɓallan sun ƙi haɗuwa a kan tumbi, amma wannan laifin tela ne. Ya kama ofishin hedimasta, ya raɗa wa kansa suna, ya fara zagaya azuzuwa yana amsa gaisuwar soja da babu wanda ya yi masa.

Sojoji na gaskiya ma suna nan, su da sajensu. Su ne suka tsamo mutane da kwalekwale, suna kwana a baranda da takalma a ƙafa. Sai dai umarnin da aka ba Saje ya ce sha'anin abinci na hannun farar hula. Haka zaki ya koma jiran izinin ɗan akuya.

Abincin da aka kawo irin na soja ne, wanda ake ci inda ba a iya hura wuta. Kowane ɗan kwali da ledar dafaffiyar shinkafa da nama, da biskit, da garin shayi, da cokalin roba. Sai kuma wata 'yar jaka mai gari a ciki, wadda yara suka sa wa suna murhun leda. A yage bakinta, a zura ledar abinci, a zuba ruwa kaɗan, sai ta hau tafasa da kanta, ba ashana ba itace. A makarantar da ko tsinke busasshe babu, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Saje ne ya fara nunawa a filin taro. Tururi ya tashi, mata suka yi salati, yara suka ɓarke da tafi.

Tafin nan ya tsaya wa Kwamanda a maƙogwaro. A tafa wa saje, alhali ga shugaba a tsaye? Ana cikin haka sai labari ya zo ta rediyon sojoji cewa Babban Baƙo zai sauka da jirgi mai saukar ungulu, da masu ɗaukar hoto. Kwamanda ya hau kan benci, ya gyara murya.

"Jama'ata! Tarihi ba ya son gaggawa. Tururin farko ba na kowa da kowa ba ne. Wanda kuka gani ɗazu kuskure ne, ku goge shi daga zuciyarku. Za a tattara duk murhun nan a ofishina. Ranar da Babban Baƙo ya sauka, da wannan hannun zan zuba ruwan farko, duniya ta shaida. Kafin nan, ku ci da sanyinsa. Jarumi ba ya hura abinci!"

Aka farke kwalaye, aka zare murhu ɗaya bayan ɗaya, aka raba wa mutane saura. Saje ya cije leɓe har ya yi shati, amma umarni umarni ne.

Wanda bai ci shinkafar leda da sanyinta ba bai san haƙuri ba. Kitsen ya daskare fari kamar kyandir. Shinkafar ta dunƙule kamar sabulun wanki, idan ka soka cokali sai ya tsaya ƙyam kamar yana fareti. Garin shayi kuwa sai dai a lasa. Manya suka ce da babu gara ba daɗi, suka rufe ido suka haɗiya. Yara suka cinye biskit suka kwanta suna kallon rufi. A nan ne aka yi wa Kwamanda ƙarin girma, ya zama Janar Sanyi. Da sunan ya kai kunnensa, ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ashe jama'a sun lura da sanyin halinsa.

Kada a ce bai damu da lafiyar talakawa ba. Safe da rana da yamma yakan kulle ofis ya gwada murhu guda a kan nasa abincin, don tabbatar da inganci. Ƙamshin yakan fito ta taga ya zagaya azuzuwa, kyauta, ba tare da nuna bambanci ba.

A aji uku, ƙarƙashin allo, aka shimfiɗa wa wata tsohuwa tabarma. Yayar mahaifin Janar ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Haƙoranta sun daɗe da yin ritaya. Ta gwada abincin, kitsen ya manne mata a ganɗa, ta amayar. Ta sake gwadawa, ya sake dawowa. Daga nan ta juya fuska bango ta ce ta ƙoshi. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba marasa lafiya ta ce maganin tsohuwar ba a shan sa da ciki wayam, kuma in aka ci gaba a haka, ba gida za a mai da ita ba. Ta tafi ofis ta roƙi murhu ɗaya tak.

Janar ya taso da kansa zuwa aji uku, don ya ba da amsar a gaban shaidu.

"Kai Auta," in ji tsohuwar, muryarta da ƙyar take fita. "Matso in gan ka. Rigar waye wannan ka sato?"

"Goggo, a bakin aiki ba a ce mini Auta. Ki ce Kwamanda."

"Kwamandan da na sha shanya wa tabarma kullum safe?"

Aka ji dariya ta kufce wa wani a bayan aji. Janar ya juya wa jama'a, ya ɗaga yatsa.

"Ku zama shaida! Ga jinina kwance, amma ban karkata ba. Idan na ba goggona, gobe kowa zai fito da tasa goggon. Shugaba ba shi da dangi sai tsari. Goggo, ki ci da haƙuri. Mai zafin sai Babban Baƙo ya zo."

Ya fita yana mamakin irin adalcin da Allah ya zuba masa. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, amma su ba su taɓa shirya bikin ƙaddamarwa ba.

Babban Baƙo dai mutum ne mai cika alkawari, shi ya sa kullum yake sabunta shi. Yau ta zama gobe, gobe ta zama jibi. Janar bai zauna ba. Ya sa aka rubuta sunansa da muƙaminsa da manyan baƙaƙe a kan zanen gado, aka kafa a bisa rufin ofis, don kada mai saukowa daga sama ya yi wahalar tambayar wanda ke riƙe da wurin. Don tutar ta tsaya da kyau, aka huda kwanon rufi da ƙusoshi manya. Sannan ya tuna ba ya kamata babban mutum ya tsaya jiran a yage leda. Ya tara 'yan mata suka yage bakin kowane murhu, suka jera su a tsaye cikin manyan kwalaye, baki buɗe kamar 'yan tsaki na jiran uwa. Da ya ga kujerar hedimasta ta yi wa matsayinsa gajarta, sai ya sa aka jibge kwalayen jikin bango, aka lulluɓe da labule. Ga karaga, ga ma'aji. Ko ɓarawo ya zo, sai ya ɗaga shugaba tukuna.

A aji uku kuwa, Goggo ta daina yi wa kowa ba'a. Ma'aikaciyar jinya ta ce wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Wata rana bayan azahar aka ce lallai yau jirgi na tafe. Sai hadari ya riga shi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya zauna a makarantar nan, har yau in ya ji ruwa na dukan kwano sai ya duba ƙarƙashin ƙofa, ya laluba ina takalmansa. A azuzuwa, uwaye suka jawo 'ya'yansu jiki.

Janar yana bisa karagarsa, ƙofa a kulle, yana maimaita jawabi a gaban taswirar duniya. Bai ji ruwan da ya biyo ramukan ƙusa ba. Bai ga yadda ya gangaro ta bango ya shige bayan labule ba.

"Ya mai girma Babban Baƙo," yake cewa, "kwamanda na gaskiya shi ne na farkon shiga haɗari, na ƙarshen barin fili..."

Sai ya ji wani ɗumi na tasowa daga ƙasa. Ya yi murmushi. Ya taɓa jin cewa manyan masu jawabi sukan ji jikinsu ya ɗauki zafi. Ɗumin ya ƙaru. Ya gyara zama, ya ce kishin jama'a ne. Karagar ta fara huci kamar kububuwa. Kwalin da yake kai ya jiƙe ya lotsa, shugaba ya nutse a ciki har ƙugu, farin tururi ya turnuƙe ofis.

"Bam! Wayyo Allah, an kawo hari! Goggo!"

Na ƙarshen barin fili bai tsaya neman mabuɗi ba. Ta taga ya fita, ya bar mata rabin rigar soja, ya faɗa taɓo, ya tashi, ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ba abin dariya ba ne a lokacin. Mutanen da ruwa ya riga ya kora sau ɗaya suka zabura za su sake gudu, ba su san inda za su nufa ba. Wata ta suri ɗan maƙwabciya ta bar nata. Saje ya ɓalle ƙofar ofis da kafaɗa, ya shaƙi iskar, ya tsaya. Ya sa aka buɗe tagogi duka, ya ce iskar murhun na iya kama wuta, duk wanda ya ƙyasta ashana a nan zai gamu da shi. Sannan ya jingina da bango ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ma'aikaciyar jinya ba ta da lokacin dariya. Ta leƙa baranda ta ƙwala kira: "Kowa ya kawo abincinsa! Maza, kafin ya huce!"

Aka yi layi daga azuzuwa har ofis, leda na bin hannu. Sojoji suka naɗe hannu da tsumma suna cusa abinci tsakanin kwalaye, suna zaro wanda ya yi zafi. Aka jera gwangwanayen ruwa a saman karaga, shayi ya samu. Kitse ya narke, nama ya tuna shi nama ne. Tun da aka buɗe ofishin ciyarwa bai taɓa ciyar da kowa kamar ranar da mai shi ya gudu ba.

Leda ta farko aji uku aka kai ta. Goggo ta sunsuna, ta juyo daga bango. Ta ci cokali ɗaya, aka zuba mata ido. Bai dawo ba. Ta ci na biyu, ta ci na goma, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta sha magani, ta kora da shayi, ta dubi sojan da ya kawo mata ta ce hancinsa kamar murfin buta. Ma'aikaciyar jinya ta fita baranda ta share ido.

Sai wajen la'asar aka gano Janar a bayan tankin ruwa, a durƙushe, don zama ya gagara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka kwantar da shi rub da ciki a kan teburin malami a aji uku, aka kare shi da tutarsa da iska ta yar, aka shafa magani. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na Janar dai ba a baki ya tsaya ba.

Ko a haka bai fasa jawabi ba.

"Dabara ce," ya faɗa wa ƙafafun mutane, don su kaɗai yake iya gani. "Na lura jama'a sun galabaita, na ƙaddamar da shirin da jikina. A rubuta cewa shugaba ya ji rauni a fagen fama. Kada a rubuta wurin."

Murhun da zai yi kwanaki yana ɗumama abinci ya ƙone a yini guda, ko ɗaya bai rage ba. Saje ya yi magana ta rediyo, aka ce wasu kwalayen na tafe da safe, shi kuma ya rantse cewa a bakin kwalekwale za a raba su, a rufe, kowa da murhunsa. Babban Baƙo ya aiko da gaisuwa, ya ce gobe.

Cikin shugaba ya fara ƙugi, don rabonsa da gwajin inganci tun safe. Ya tambaya ko an ajiye wa ofis kasonsa. Sai ga Goggo ta taso da ƙafarta, tana dafa benci, riƙe da leda ɗaya da ta rage a ƙasan kwali. Ta yage, ta soka cokali. Cokalin ya tsaya ƙyam. Ta ajiye a gaban hancinsa, ta shafa masa kai kamar yadda ta saba tun yana ƙarami.

"Ci da haƙuri, Auta," ta ce. "Mai zafin sai Babban Baƙo ya zo."