Rasuwar Rishon Tsoho Genzo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya rasa inda zai sauke shi, Tsoho Tsuruya Genzo na ƙauyen Kamiyachi, a tsaunukan Akita, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da masu jaje na gaskiya da masu zuwa kallo, rasuwar rishonsa na ɗumama ɗaki. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a rana ta farko ta guguwar dusar ƙanƙarar da ta raba kwarin nan da wutar lantarki har kwana uku. Marigayin ya rasu yana da shekara talatin da huɗu, kuma duk a ɗaki ɗaya ya yi su.

Waɗanda suka san shi sun san halinsa. Bai taɓa roƙon wutar kowa ba. A ba shi kananzir, a ƙyasta masa ashana, sai ya ce "bof", ya tashi da harshensa shuɗi, ya kama aiki. A kansa butar shayi take yini tana "shuuu". A kansa aka gasa dankali da wainar shinkafa ta sabuwar shekara, aka ɗumama giyar shinkafa ga baƙin da ba su cancanta ba. In an kashe shi, ƙarfensa yakan yi "ƙyas, ƙyas, ƙyas" yana hucewa, kamar tsohon da ke miƙe gaɓoɓi. Bai taɓa cewa mai shi ya tsufa ba. Cikin gidan nan da masu shiga cikinsa, shi kaɗai za a yi wa wannan shaidar.

Babban aikinsa kuwa kifi ne. Tun da Genzo ya bar aikin share dusar ƙanƙara a layin dogo, ya kafa akwatin gilashi a ɗakin, ya zuba kifayen ƙasar zafi guda bakwai, faffaɗa kamar tafin hannu, masu jin kansu. Ruwansu ba ya son ya sauka ƙasa da digiri ashirin da huɗu. Sandar lantarki ke ɗumama shi, amma duk ranar da aka ɗauke wuta, ita da sandar makiyayi duk ɗaya ne. A irin wannan ranar marigayi ke nuna ko shi wane ne. Ya riƙe ɗakin da zafi, ya tafasa ruwa, a cika kwalabe a rufe, a saka su suna yawo a cikin akwatin. Hunturu nawa ya fitar da su a haka, babu wanda ya ba shi lambar yabo.

Wannan hunturun ba kifi kaɗai ke wuyansa ba, har da mai gidan. A lokacin kaka, 'yar Genzo, Fumie, ta zo daga birnin Sendai, ta dubi rufin, ta dubi ubanta mai shekara saba'in da tara, ta yanke hukunci.

"Baba, wannan karon shi ne na ƙarshe. In ka fita hunturun nan ba tare da an zo an tono ka ba, na bar ka da gidanka. In kuwa aka sake kira na a waya, sai ka tattara mu tafi."

"Ni na tono jirgin ƙasa daga ƙanƙara tun ba a haife ki ba," in ji shi.

"Na sani, Baba. Jirgin ma an daina bin layin da shi."

Ta shirya gidan, ba a raina mata ba. Ruwan sha, tocila, shinkafar gwangwani, ƙaramin murhun gas da gwangwanayensa uku, ɗan injin batir mai hura wa kifi iska, da jarka biyu ja na sabon kananzir. A bayan rumfa ta ga wata farar jarka da ragowar na bara, wanda ya sha ranar bazara ya koma ruwan ɗorawa. Ta shinshina ta yamutsa fuska, ta ce ya mayar wa masu gidan mai su zubar, don irinsa ke kashe lagwani. Ya ce to.

A nan mai sanarwa ya so ya ɗora laifin a kan masu hasashen yanayi, waɗanda suka ce kwana ɗaya za a yi. Ya so ya ɗora wa masu wutar lantarki da turakunsu da ke faɗuwa ko iska ta yi atishawa. Ya gwada, laifin ya ƙi zama a kansu. Gaskiyar magana ita ce, bai mayar da farar jarkar ba. Mutumin da aka rene shi a kan cewa ƙwayar shinkafar da ta rage a kwano alhaki ce, ta yaya zai zubar da rabin jarka? Ranar Litinin, ana gobe guguwa, ya daina ba kifi abinci don kada ruwan ya ɓaci, ya liƙe tagogi, ya gwada batir, ya jera kwalabe. Sannan ya ɗauko kananzir na baran ya ɗura wa marigayi har wuya, wai a gama da tsoho kafin a buɗe sabo. Da hannunsa ya ba shi, kuma marigayi ya sha bai yi musu ba, don bai saba musu da shi ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Daren Litinin ya ci da harshe rawaya yana wari, Genzo ya ce sanyi ne. Da safiyar Talata aka ɗauke wuta. Ya ƙyasta ashana, marigayi ya ce "fuf", ya yi hayaƙi baƙi, ya yi shiru. Lagwanin ya daskare da wani baƙin danƙo, maɓallin ya ƙi sama ya ƙi ƙasa. Ya zuƙe tsohon man ya zuba sabo, amma ihu ne bayan hari. Ashana goma sha ɗaya ya ƙyasta. A ta ƙarshe an ji "ƙyas" sau ɗaya, shi ke nan.

Da azahar mai unguwa Okuyama ya ratso dusar ƙanƙara har ƙugu ya buga ƙofa, yana kwashe tsofaffi zuwa zauren makaranta, inda akwai janareta da miya mai zafi.

"Genzo, ɗauko rigarka mu tafi."

"Da kifin?"

"Wane kifi? Zauren mutane ne. Ko kyanwar matata a gida na baro ta."

"To, gaishe su."

"Ɗakin nan naka ya fi waje sanyi. Ina rishon?"

"Yana hutawa," in ji Genzo, ya ja ƙofa.

Ya san in ya taka zauren nan, kafin ya zauna an kira Fumie. Sai ya tsaya. Ya riƙa ɗumama ruwa a murhun gas yana canza kwalabe, har gwangwani na uku ya ƙare ranar Laraba da yamma. Ya kwashe barguna da katifarsa ya naɗe akwatin, shi kuma ya zauna a gefe cikin tsohuwar rigar aikinsa, yana ɗaga bakin bargo yana leƙa ma'aunin zafi. Ashirin. Goma sha bakwai. Goma sha uku. Kifayen suka daina jin kansu, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya a gefe guda. Ranar Alhamis da safe Okuyama da wasu maza biyu suka ɓalle ƙofa, suka same shi ya kasa miƙewa. A kan abin jan itace suka ɗora shi, suka ja shi ta tsakiyar ƙauye, kowa yana leƙe ta taga. Wuta ta dawo bayan awa huɗu.

Fumie ta iso asibiti ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta riga ta biya ta gidan. Ta gyara masa bargo a kan ƙafar da aka naɗe, ta ce, "Baba, na ga farar jarkar."

Marigayi ya rasu ya bar butar shayi ɗaya, wadda ba ta sake magana ba. Ya bar kifi biyu cikin bakwai, suna hannun mai shagon dabbobi a gari, domin ɗakin da aka ware wa Genzo a hawa na tara a Sendai ba ya ɗaukar akwatin. Ya bar jarka biyu ja na kananzir mai kyau, ɗaya ko hancinta ba a buɗe ba, waɗanda Okuyama ya nuna halin maƙwabtaka ya ce zai karɓa. Ya kuma bar tsoho ɗaya mai yatsun ƙafa tara, sanyi ya cinye na goman.

Iyalan suna godiya ga duk wanda ya zo duba mara lafiya. Waɗanda suka zo da lemo, an gode. Waɗanda suka zo da "ai mun faɗa maka", an ji, kuma ba sai sun dawo ba. Masu cewa lagwani kawai za a canza ya tashi, su sani an tambaya. Za a iya. Sai dai a benen da za a je, an hana kunna duk abin da ke cin kananzir, maɓalli ake dannawa iska mai ɗumi ta fito daga bango, ba sauti ba wari.

Za a yi jana'iza ranar Laraba ta biyu a cikin wata, ranar kwashe manyan tarkace. An riga an zuƙe masa mai, an goge shi tas, an manna masa takardar hukuma da sunan mai shi a jiki, kamar yadda doka ta ce. Genzo ya ce shi zai ɗauke shi zuwa kwanar gada inda ake tara tarkacen, ko da hutawa uku ne, kada kowa ya kama masa. Motar shara tana zuwa ƙarfe takwas, duk mai son rakiya yana iya tsayawa a wurin.

Motar Fumie kuma ƙarfe goma za ta zo. Ana roƙon waɗanda suka halarci rakiyar farko su koma gidajensu, kada su jira ta biyu. Mai gidan ba ya son a tsaya ana kallonsa lokacin da zai kulle ƙofa.