Rasuwar 'Yar Gulma ta Ɗakin Haihuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake amsa tambayar da 'yata ta jefo min a gaban layin masu awo, da ƙarfi kuma: wai tunda abin da ke magana da cikina ya mutu, wa zai gaya mana ko ƙaninta yana da rai?

Ina sanar da rasuwar na'urar jin bugun zuciyar jariri ta asibitin unguwarmu, wadda nas-nas ke kira 'Yar Gulma, don ba ta iya rufe sirrin ciki.

Marigayiya ba ta wuce tafin hannu ba, amma ba ta taɓa ƙarya ba. Maganarta ɗaya ce: dugu-dugu-dugu. Ranar da nake naƙudar wannan mai tambayar, kowa cewa yake in yi haƙuri, haihuwar fari haka take. Marigayiya kaɗai ta ƙi yarda. Duk sanda ciwo ya murɗa ya saki, sai muryarta ta ja: dug... dug. Ungozoma ta juya ni gefen hagu, ta sake saurara, ta aika a kira likita. Da aka ciro yarinyar, cibiya ce naɗe a wuyanta. Ga ta nan yau, bakinta ba ya hutawa.

Ciwon ajali ya fara mata ne daga waya. Ma'aikata suka yi mata jinyar da suka iya: filasta, bandeji, in ta yi shiru a kife ta a ɗan bubbuga bayanta kamar jaririn da ya ƙi kuka. Ta sha farfaɗowa a haka. Ba a kai ta wurin mai gyara ba, don babu ranar da ba a buƙatarta. Ta cika a bakin aiki, a kan cikina na wata takwas. Na jima a kwance ban san wanne daga cikinsu ne ya yi shiru ba, ita ko ɗan da ke cikina.

Ta bar rabin kwalbar man shafawa, da caja, da yayanta, tsohon mazurarin roba da ba ya magana da kowa sai kunnen ungozoma. Shi ya tabbatar min ɗana na nan. Ta kuma bar yara birjik da ba su san ta ba.

Gawa na cikin durowar babbar nas. Za a ɗauke ta ranar Litinin da safe zuwa teburin shugaban asibiti, kuma ba za a binne ta ba sai magajiyarta ta iso. Masu ciki su zo da cikinsu, akwai benci. Ba a karɓar "sai haƙuri".

Ke kuma mai shirin haihuwa, kafin nan: in naƙuda ta kama ki, ki sa a saurari zuciyar ɗanki, ko da mazurari ne, a kuma yi ta maimaitawa. Kada kunya ta rufe miki baki. Na cikinki ba shi da bakin da zai kira nas, sai naki.