Gaisuwa da Hon

Da ƙarfe huɗu na yamma na ɗaure waya ta ƙarshe, na ce wa Yaya Nura, "An gama." Har da kaɗe hannu, ni da ko a aji ba a jin muryata.

Tukunyar iskar naitros mai ƙara gudu ya sayo wa motarsa ta tsere, mai mataki biyu: ka danna maɓallin farko mota ta zabura, ka danna na biyu ta ƙara wuta. Na hana shi kai ta gareji, tunda ni ƙanwarsa injiniyanci nake karantawa. Na haddace littafin da ya zo da tukunyar tas. Abin da ban lura da shi ba, wayar mataki na biyu da ta hon launinsu ɗaya.

Muka fita gwaji hanyar Balan. Sai ga Malam Isa, mahaifin yarinyar da Yaya yake nema, a bakin gonarsa. Yaya ya gyara hula, ya danna hon don gaisuwa. Hon bai ce uffan ba. Motar ce ta yi tsalle ta bar titi, ta kwashe kunyoyin gyaɗar Malam, ta bar ni da tawa kunyar.

Har yau yaran gidanmu da sun hango ni sai su ce, "Anti Injiniya, a ba da hanya!"

Da kyar na je ba Malam Isa haƙuri, kaina a ƙasa. Na ce, "Baba, laifina ne. Maganar Yaya tana nan?"

Ya ce, "Tana nan, 'yar nan. Amma in zai gaishe ni, ya taho da ƙafa."