Ɗankwalin da na ɗaura wa Mama da maka

Abu ɗaya da ba zan taɓa mantawa ba shi ne ranar baje kolin tsofaffin hotuna a jami'armu. Lokacin ban daɗe da gama digiri ba, an ɗauke ni aikin gwaji a ɗakin adana kayan tarihi. Ni ne mai jera hotunan rayuwar ɗalibai ta da.

Ina cikin jerawa na ci karo da hoton wata budurwa a kan dandamali, makirfo a hannu, baki a buɗe, ba ko ɗankwali, gashi ya tashi kamar kwando. Na duba, na sake dubawa. Mama ce. Mamar da duk unguwarmu ta Makera ke kira Hajiya, wadda in yarinya ta shigo gidanmu kai a buɗe sai ta sha faɗa.

Wataƙila ba wanda zai gane ta, amma in an gane fa? Cirewa ba dama, shugabar sashenmu da kanta ta zaɓi hoton. Sai na ɗauko baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, na zana mata ɗankwali. (Kwafi ne, ba na asali ba, ina so a san wannan.) A ganina ya yi kyau, ko in ce bai yi muni sosai ba.

Ranar buki sai ga Keke Napep ya sauke Mama da aminiyarta Anti Rifkatu ta unguwar Kamazou, wadda suka zauna ɗaki ɗaya a hostal. Na ruga na tsaya a gaban hoton kamar soja.

"Matsa mana, ka tare ni," in ji Mama.

Na matsa kaɗan. Ta gyara tabarau, ta ƙura wa hoton ido.

"Rifkatu, zo ki gani. Wa ya kifa mini tukunya a ka?"

Anti Rifkatu ta riƙe ciki tana dariya. "Gashin da na wuni ina taje miki! Wane mara imani ne wannan?"

Shugabarmu ta iso da sauri tana ba da haƙuri, wai za a bincika. A nan na ji cewa Mama ce da kanta ta kawo hoton. Na ga aikina yana ɗaga mini hannun bankwana. Na ce, da wata 'yar murya, "Mai yiwuwa... ni ne."

Mama ta dube ni daga sama har ƙasa. "Madam, ki bar shi. Haka yake tun yana ƙarami, ko kaza ya gani a rana sai ya nema mata inuwa." Ta juyo gare ni. "Kai, a daren da aka ɗauki hoton nan ubanka ya fara ganina. Ba don gashin nan ba, da babu kai."

Ba a kore ni ba, an dai hana ni riƙe maka. Ni kuwa yanzu kafin in rufa wa mutum asiri, sai na fara tambayarsa ko asirin ne.